Gonar da Haske Ya Yanka Mini

Ina da gona a Dakoro. Nakan faɗi haka a ɗakin malamai idan hira ta kai kan dukiya, in bar abokan aikina su yi ta kallona da girma. Abin da ba na faɗa musu shi ne siffar gonar. Daga kudu faɗinta bai kai na ɗan yatsa ba. Daga arewa kuwa mutum biyu za su iya tsayawa a ciki kafaɗa da kafaɗa, har jaki ya raɓa su. Tsawo kam sai dai a ce masha Allah. Ba a taɓa shuka ko ƙwayar hatsi a cikinta ba, amma akwai gawo guda a ƙarshenta, kuma a kan gawon nan ne ubana da ƙanensa suka kusa dafa Alƙur'ani.

Kakana ya bar gona ɗaya babba a arewa da gari, ta hanyar Bader Goula. Tun yana raye ya raba ta biyu a tsaye, yamma ta Baba, gabas ta Baffa, ya dasa gamba a tsakani kamar yadda kowa ke yi. Shekaru suka yi ta tafiya. Rairayi ya binne wasu tushen gambar, shanun da ke sauka daga arewa suka cinye wasu, masu saƙar zana suka tumɓuke saura. Tushe biyu kawai suka rage, dukansu a bakin gonar ta kudu. Babu wanda ya damu, domin tare suke noma, tare suke girbi, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Kullum bayan magariba ana fito da tuwon gida biyu a jera a kan tabarma ɗaya a ƙofar gida, su ci na wannan su ci na wancan, kowa yana kushe miyar matar ɗan'uwansa yana ƙara loma.

Gawon kuwa lokacin rabon ɗan tsiro ne da awaki suka manta da shi, can a ƙarshen arewa. Ya girma ba da izinin kowa ba. Wanda bai san rani a ƙasarmu ba ba zai gane abin da ya sa dattawa biyu masu furfura za su ɓata a kan itace ba. Idan ciyawa ta ƙare, ƙasa ta yi fari fat, lokacin ne gawo ke zubo da ƴaƴa, kuma babu abin da ke riƙe dabba kamar su. Baba yana turke raguna don kasuwa, Baffa yana da awaki. Wata safiya Baba ya je da buhu ya tarar an riga shi, Baffa ya kakkaɓe itacen tas. Buhun bai dami Baba ba, ya sha faɗa mini haka. Kalma ɗaya ce ta tsaya masa a wuya. Da ya yi magana, sai Baffa ya ce, "Ai gawona ne."

Daga ranar tabarma ta zama biyu. Ba su koma cikin gida ba, wannan zai zama gudu. Kowa ya shimfiɗa tasa a ƙofar gidansa ya ba ɗan'uwansa baya, suna ci kamar ana ba su magani, unguwa tana wucewa tana gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

Limamin unguwa ya shiga, abokan Baba na kasuwar dabbobi suka shiga, aka yi ta kai gwauro ana kai mari. Daga ƙarshe magana ta je fada. Aka nemi wanda ya ga rabon da idonsa, aka tarar duk sun riga mu gidan gaskiya. Idan shaida ta ƙare a wurinmu abu ɗaya ke saura, rantsuwa. Aka sa Juma'a mai zuwa.

Rantsuwa da Alƙur'ani a kan gona ba abin wasa ba ce a Dakoro. Mutane sun yarda cewa wanda ya dafa a kan ƙarya ba zai ga alheri ba, shi da abin da ya haifa. Ko da babu abin da ya sami kowa, ƴan'uwan da suka kai juna ga dafa Littafi sun yi hannun riga ke nan, ƴaƴansu ba za su ƙara cin abinci a kwano ɗaya ba. Abin da ya fi tsorata ni shi ne, a cikin su biyun babu maƙaryaci. Kowa ya tuna inda gambar ta bi, ya tuna sarai, kuma a shirye yake ya rantse da zuciya ɗaya.

Gwaggo, yayarsu, ita ta kira ni a salula. Ina Maradi, inda nake koyar da fizik a lise, babbar lekol, wato makarantar sakandare. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka daga Baba har Baffa babu mai kama sunana, Uwata suke ce mini tun ina rarrafe. Gwaggo ba ta tsaya dogon gaisuwa ba.

"Ke ce uwarsu," in ji ta. "Taho ki raba ɗiyanki, ni na gaji."

Na shiga mota na taho ba tare da wata dabara a kaina ba. Na yi wa Baba magana ya ce in je in gaya wa wancan. Na zaga na yi wa Baffa magana ya ce in koma in gaya wa wancan. Da alama matsayin uwa ya ƙare a kan kawo tsaraba.

A jakata akwai ɗan lazer, irin wanda ake sayarwa a kasuwa, tsawonsa kamar bik na rubutu, yana fitar da koren haske siriri. Da shi nake nuna rubutu a allo, da shi kuma nake yi wa ɗalibai gwaji, tunda ɗakin gwajinmu sunansa ya fi kayansa yawa. Da yamma ina neman wani abu a jakar sai ya faɗo, na danna don in ga ko pil ɗinsa, wato batirin, na da rai. Ɗigon kore ya sauka a bangon rumbu, can ƙarshen tsakar gida. Baba ya ajiye butarsa ya bi shi da ido.

"Uwata, wanga abu shina lanƙwasa?"

Na ce a fili dai miƙe yake tafiya.

"Shina da ɗan'uwa? Shina cin goron wani?"

Na ce ba shi da kowa.

"To ga alƙali," in ji Baba.

Nan take na ga inda ya dosa. A ɗora hasken a kan tushen gamba biyu da suka rage, a bar shi ya miƙe har ƙarshen gona. In ya bi ta gabas da gawon, itacen ya faɗa gonar Baba. In ya bi ta yamma, na Baffa ne. Gwaggo ta kai saƙo ta kan katanga, kafin ta sauke ƙafa amsa ta dawo: Baffa ya yarda. Ya yarda ne domin ya tabbata hasken zai kunyata yayansa, kamar yadda yayan ya tabbata zai kunyata shi. Tunda aka fara rigimar wannan ne karo na farko da bakinsu ya zo ɗaya.

Na yi ƙoƙarin yi musu bayani, Allah ya sani na yi. Na ce hasken da suke gani kamar zare ba zare ba ne, yana buɗewa kaɗan kaɗan yana tafiya, kuma gonar nan doguwa ce. Baba ya ɗaga mini hannu yadda yake yi wa mai saye da ya cika surutu.

"Ba lekol muke ba. Ke dai kunna."

In abin ya ƙi, Juma'a tana nan inda take, babu abin da aka rage.

Washegari bayan la'asar muka ɗora turmi a amalanken jaki, da tsinken robar taya da sanduna biyu. Ni da Gwaggo muka hau. Baba ya bi gefen dama na hanya a ƙasa, Baffa ya bi gefen hagu, jakin yana tsakiya kamar ɗan sulhu. A bakin gona na kafa sanda a tsakiyar kowane tushen gamba, na kife turmin a bayansu, na ɗaure lazer ɗin a kai da roba. Daidaita shi kuwa sai da ya ci mana sauran rana. Baba ya durƙusa ya rufe ido ɗaya ya ce a matsa gabas kaɗan. Baffa ya durƙusa ya rufe ido ɗaya ya ce wallahi ya yi gabas da yawa. Mutanen da kullum suke kukan gwiwa, ranar sun durƙusa sun tashi har na daina tausayinsu. Sai da ɗigon ya taɓa kan sanda ta farko ya taɓa kan ta biyu, kowa ya ce ya gani da idonsa, sannan suka bar turmin ya huta.

Magariba ta same mu a can. Tun ina yarinya in sallah ta kama su a gona Baba ne ke shiga gaba, Baffa ya tsaya a damansa. Ranar kowa ya yi taimama ya ta da tasa shi kaɗai, tsakaninsu bai fi tsawon igiyar akuya ba. Wannan ya yi mini ciwo fiye da tabarma biyun. Gwaggo na kusa da ni, na ji tana jan hanci a sujada.

Da duhu ya fara shiga na matse maɓallin da roba don kada ya saki, na gargaɗe su kada kowa ya leƙa bakin abin da ido. Wani garke ya wuce ta burtali ya ta da ƙura, sai ga hasken ya fito fili, kore shar, miƙe ɗoɗar daga turmi zuwa arewa. Na yarda abin yana da kyau. Baba ya ce Allahu akbar, Baffa ma ya ce, amma ya jira Baba ya gama tukuna don kada a ce amsawa ya yi. Muka bar Gwaggo tana gadin turmi saboda awakin da ke yawo, mu uku muka bi zaren.

A bakin turmi ɗigon bai fi ƙwayar dawa ba a tafin hannuna. Da muka yi nisa na sake tara hannu, ya cika tafin. Sai na ga Baba ya ƙara sauri. Da muka isa gawon muka tarar hasken ya riga mu, ya zauna a jikin itacen, faɗinsa kamar faifai. Bai bi ta gabas ba, bai bi ta yamma ba. Ya rufe kusan dukan kututturen, gefensa babu iyaka takamaimai, yana dusashewa a hankali, yana ɗan rawa saboda zafin da ƙasa ke saki.

"Tsakiyarshi ta hi kusa da gabas," in ji Baba, yana magana da itacen.

"Wace tsakiya?" in ji Baffa, shi ma da itacen yake.

Suka shiga awo da taƙi. Baba ya auna daga inda ya ga hasken ya ƙare, ya samu gawon nasa ne da yatsa biyu. Baffa ya auna daga inda shi ya ga ya ƙare, ya samu nasa ne da yatsa uku. Dukansu ba su yi ƙarya ba, hasken ba shi da baki da za a kama. Baba ya juyo kaina.

"Zare munka ce, kin kawo muna faifai."

Na tuna masa na faɗa tun a gida. Bai ji ba, ya riga ya tafi tunani. Baba ya yi rayuwarsa yana shigar da dabbobi kasuwa, kuma a saninsa duk abin da ya bazu maganinsa a tsuke masa ƙofa.

"Bakin abin ne ya yi yawa," in ji shi. "In kana son bisashe su bi layi guda, sai ka matse musu ƙofa. A toshe bakin, a huda da allura, shi hito siriri."

Na ce, "Baba, in aka yi haka ƙara buɗewa zai yi."

Ya dube ni kamar na ce jaki zai haifi raƙumi. Sai Baffa ya yi gyaran murya, ya ɗaga kai sama ya gaya wa rassan gawo, "Wagga magana ta Yaya hanya ce. Ƙaramin rami, ƙaramin haske. Ko yaro ya san haka."

Shekara da shekaru ina koyar da wannan darasi. Ina da takardar shaidar da aka rataye a ɗakin Baba, shi da kansa ya sa aka yi mata gilashi. Ga shi mutum biyu da ba sa ga maciji da juna sun haɗa kai a kaina, a kan abin da nake ci da shi. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce to, za a yi yadda kuka ce. Amma hasken zai rage ƙarfi, sai an tara masa farin ƙyalle kafin a gan shi. Baba ya warware rawaninsa. Rawani ba ya tsayuwa da kansa, kuma ni zan koma wurin turmi. Suka dubi rawanin, suka dubi gefe. Daga ƙarshe Baffa ya kama bakin ɗaya da yatsa biyu, kamar wanda aka ba wutsiyar kunama. Na bar su a tsaye, wannan a yamma da itacen, wancan a gabas, farin rawani a miƙe tsakaninsu.

Na koma ina ƙunƙuni. Gwaggo tana da allura a soke a kallabinta, tana kuma da ƙwayoyin maganin gwiwa a ƙullin zane. Na ɓare ƴar takardar nan mai ƙyalli da ke bayan ƙwayoyin, na huda ta da tsinin allurar, rami ƙarami wanda sai an ɗaga shi sama ake ganinsa, na lulluɓe bakin lazer ɗin a hankali don kada ya gusa.

"Zai yi?" in ji Gwaggo.

Na ce zai yi abin da Allah ya halicce shi ya yi.

Tun daga nesa na hango su a hanyar dawowa. Faifan nan ya tafi. A maimakonsa wani haske ne mai laushi, kore dishi-dishi, babba, da zobba marasa ƙarfi kewaye da shi. Ya rufe rawanin, ya rufe kututturen, ya zuba ta gabas ya zuba ta yamma, ya hau rigar Baba, ya hau rigar Baffa har gemu. Su biyun suna tsaye a cikinsa, kowa yana duban ƙirjinsa. Alƙalin da suka zaɓa ya yanke cewa iyakar ta bi ta kansu.

"Mi kinka yi mishi?" in ji Baba.

"Abin da kuka ce."

Wannan karon da na fara bayani babu wanda ya ɗaga mini hannu. Na ce haske tafiyarsa irin ta igiyar ruwa ce, kuma duk abin da ke tafiya haka, in aka matse shi a ƙofa, yana fita sai ya fantsama. Gwargwadon ƙanƙantar ramin, gwargwadon fantsamar. A lekol muna kiran abin difraksiyon. Ko ba a sa allura ba, bakin da hasken ya fito ta ciki ƙofa ce, shi ya sa tun farko ya iso kamar faifai. Wanda yake son ya isa nesa a tsuke, sai dai ya faɗaɗa masa ƙofar tun daga tushe, da gilasai manya, kuma ko haka ragewa ake yi, ba a hana shi. Masu harba irin wannan haske zuwa wata da na'urori masu tsada, kafin ya isa ya yi faɗin gari guda.

Baffa ya saurara har na gama. "Wato wanda za shi tahi kamar zare har ƙarshe, babu shi? Ko wurin Nasara?"

"Babu, Baffa. Ba laifin maƙeri ba ne, haka halittarsa take."

Wata akuya ta yi kuka can wajen burtali. Ina jira in ji wani ya ce ashe Uwata ta yi gaskiya. Baba ya ja rawaninsa, Baffa ya saki, ya fara naɗawa a hankali.

"Shekara nawa munka kai yarinyar ga lekol?" in ji shi. Bai ce da itace ba wannan karon.

"Ai tun ba ta iya ɗaurin zane ba," in ji Baffa.

"Har Yamai ta tahi."

"Har Yamai, Yaya. Ta dawo muna da tocilar da ba ta san gabas da yamma ba."

Suka kama hanya suna tafe suna yi da ni. Baba ya ce da ya sani da tallan fura ya ɗora mini. Baffa ya ce ko fura ma sai an san rabo ake sayar da ita. Baba ya tuna ranar da na ƙone tuwo ina karatu, Baffa ya ƙara da ranar da na bar awakinsa suka shiga gonar mutane ina lissafi a ƙasa. Ina biye da su a baya kamar marainiya. Da muka iso turmi na buɗe baki zan kare kaina, domin ni ce mai gaskiya kuma na gaji da haɗiye ta. Gwaggo ta kama naman cinyata ta murɗe.

"Rufe bakinki," ta ce a hankali. "Ba ki ji suna magana ba?"

Su suka hau amalanken. Ni da Gwaggo mai ciwon gwiwa muka taho a ƙasa, na ɗauko lazer, ita ta ɗauko allurarta.

A ƙofar gida tabarma biyu aka shimfiɗa kamar kullum, domin matan gida ba su san abin da ya faru ba. Kowa ya zauna a tasa. Amma Baffa bai gama ba da labarin awakin ba, kuma daga inda yake sai ya ɗaga murya. Ya jawo kwanonsa ya matso don Baba ya ji ƙarshen. Ina leƙe ta zaure na ga hannunsa ya shiga kwanon Baba, ya kai baki, ya ce miyar gishiri ya yi mata yawa. Na koma ciki na zauna a bakin rumbu na yi kuka, rabi don daɗi, rabi don haushi.

Da safe na sami Baba yana ba raguna dusa. Bai dube ni ba.

"Shekaranjiya da an ba ni Littahi, da na dahwa ba ko ɗar," in ji shi. "Ina ganin gambar nan a idona kamar yanzu anka dasa ta." Ya juya dusar da hannu. "To ga abin da ba shi da ɗan'uwa, ba shi cin goro, an aike shi ya ce nan ne, ya ƙi cewa. Ni da ido guda ya fara hazo, ni zan ce?"

Bai ce ƙanensa ya yi gaskiya ba, kuma har ya bar duniya bai faɗa ba. Bai ce ni na yi gaskiya ba, wannan kam ban ma sa rai ba.

Ranar Juma'a suka tafi fada tare, suka ce sun janye. Da aka tambaye su gawon fa, sai suka kawo hukuncin da suka shirya a kan tabarma. Tunda hasken ya ƙi zaɓa, duk ƙasar da ya rufe, daga bakin turmi har gawo, ba ta Baba ba ce, ba ta Baffa ba ce. Ta wadda ta kawo tocilar ce, ta je ta san yadda za ta yi da ita. A matsayin horo suka ba ni, kuma haka suka yi ta gaya wa mutane a kasuwa. Aka sake dasa gamba layi biyu, suna haɗe a kudu, suna rabuwa a hankali har su rungume itacen. Masu wucewa sukan tsaya su tambayi wane gwani ne ya yi wannan awo.

Ni ba ni da ko akuya. A shekarun da suka biyo baya, duk rani salulata takan yi ƙara, in ji Baba yana cewa, "Uwata, ɗiyanki na neman izini, ƴaƴan gawonki sun zuba." Kafin in amsa sai in ji muryar Baffa a bayansa yana cewa a gaya mata kada ta yi rowa. Nakan ja musu rai kaɗan, in ce sai na yi shawara, sannan in ba su. Tare suke zuwa, da buhu biyu da gora ɗaya.

Baba ya rasu bara waccan, Allah ya jiƙansa. Aka raba gonarsa tsakanin ƴan'uwana, Baffa kuma ƙarfi ya ƙare, ƴaƴansa ke noma tasa. Samari ne masu salula manya. Ba a daɗe ba na fara jin ƙishin-ƙishin. Wai tsirin nan wasan tsofaffi ne, babu takarda. Wai yanzu akwai masu awo da na'ura mai magana da tauraron ɗan'adam, tana nuna iyaka daidai ba ƙari ba ragi. Ƙanena ya ce ya tabbata gawon a nasu yake. Ɗan Baffa na fari ya ce shi ma ya tabbata. An ce ranar suna a gidanmu an fito da kwano biyu.

Ran nan ina tsakiyar darasi salula ta yi ta ƙara a jaka har na fita na ɗauka. Baffa ne. Muryarsa ta yi rauni, sai da na toshe ɗaya kunnen.

"Uwata, tocilar nan taki ta banza, tana nan?"

Na ce tana nan, Baffa.

"To ki taho da ita kafin Juma'a." Ya tsaya ya yi tari, na ji yana maida numfashi. "Ki biya wurin Gwaggonki ki amso allurar. Ƙaramar, kin ji. Wadda ta hi kowace ƙanƙanta."